Na biya an duba min mota a Jamus, kuma ban saye ta ba

Salam Yaya, da fatan kowa lafiya, a gaida su Hajiya da yara. Ka ce a waya ba ka gane maganar motar nan ba, wai ya za a yi mutum da hankalinsa ya biya kuɗi a duba masa motar da ba tasa ba, ƙarshe ma ya ƙi saye. To ga bayanin, sai dai ka yi haƙuri da tsawo.

Motar dai Marsandi ce W123, 230E, irin wadda muka taso muna ganin alhazai a ciki ranar Juma'a. Daga 1976 zuwa 1986 aka yi ta ƙera su, wajen miliyan 2.7, nan Jamus har tasi aka daɗe ana yi da su. A gida yanzu in ka ganta to tana kwance a lungu kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, amma nan kayan ado ce. Duk motar da ta cika shekara 30 kuma ba a sauya mata kamanni ba ana iya ba ta lambar motocin tarihi mai harafin H a ƙarshenta, tun 1997 suke wannan tsarin, harajinta Yuro 191.73 a shekara komai girman inji, kuma tana shiga tsakiyar garuruwan da aka hana motoci masu hayaƙi. Shi ya sa tsofaffin Jamusawa ke ɓoye su a gareji duk hunturu, sai rana ta fito a fito da su yawo.

Matsalar ita ce ni ina Hamburg, mota kuma tana wani ƙauye can kudu kusa da Munich, tafiyar kusan kilomita 800. Ga kuɗin jirgin ƙasa ga wurin kwana ga ranar aiki da zan rasa, kuma ko na je me zan gano? Ka san ni, iyakata sitiyari da zuba mai.

Da a gida ne ai magana ta ƙare, ka kira bakanikenka ka ba shi kuɗin mota da na abinci ya tafi Kaduna ko Legas ko Kwatano, ya tada inji ya kasa kunne, ya zaro sandar baƙin mai ya murza a yatsa, ya kira ka ya ce oga ɗauki, ko ya ce bar musu kayansu. Nan babu wannan. Ba wanda zai rufe garejinsa ya bi ka don kun saba gaisawa, awa ɗaya ta makaniki a gareji da yawa ta haura Yuro 100, kuma sai ka yi alƙawarin rana tukun. Akwai 'yan uwanmu a nan Hamburg masu loda motoci a jirgin ruwa zuwa Kwatano, wallahi sun san Toyota ciki da waje, amma su inji da giya da AC suke dubawa don shi mai saye a gida zai tambaya. Ita kuwa tsohuwar motar Turai ba inji ke kashe ta ba, tsatsa ce. Gishiri suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, shekara 40 yana cin ƙarfe ta ƙasa, sama kuma fenti na ta ƙyalli abinsa.

Mai motar ya ce min ai ba sai an duba ba, tana da sabon TÜV, wato takardar gwajin lafiyar mota, da sunan kamfanin da ke yi ake kiranta. A nan baƙi da yawa ke ruɗewa. Shi wannan gwajin dole ne duk shekara 2, TÜV na yi, DEKRA da GTÜ ma na yi, amma abin da suke dubawa shi ne ko motar za ta hau titi ba ta kashe kowa ba: birki, fitila, taya, sitiyari, hayaƙi, da ƙarfen da ke ɗauke da nauyi. Ba aikinsu ba ne su gaya maka an cika ƙofa da bodi fila ko inji na shan mai. Ya kuma turo min wata takardar ƙiyasin daraja, suna da maki daga 1 zuwa 5, 1 ita ce fes ba tabo, 3 an mora amma tana aiki, 5 sai an sake gina ta. Tashi an rubuta 2. Kowa a talla motarsa 2 ce Yaya, ban taɓa ganin wanda ya ce tashi 4 ba. Da na duba sai na ga gajeriyar takarda ce irin wadda ake yi don inshora, kuma ta kwana biyu sosai. Ga shi a dokarsu in wajen mutum ka saya ba wajen dila ba, yana da damar rubutawa a takardar ciniki cewa ba ruwansa da duk aibin da ya fito daga baya, sai dai in ka iya tabbatar da ya sani ya ɓoye, to je ka tabbatar a kotu da Jamusancinka na kanti.

Neman mai dubawar shi ne aikin. A nan kowa na iya buga kati ya ce shi ƙwararren mai tantance mota ne, doka ba ta hana ba, don haka sai ka tace. Akwai waɗanda majalisar 'yan kasuwa ko ta masu sana'ar hannu ta rantsar, su sa hannunsu na da nauyi har gaban alƙali. Akwai ADAC, ƙungiyar masu motoci, suna da wuraren gwaji amma sai an kai musu motar, ni kuma mai motar ya ce ba inda zai kai ta. Abin da ya fi min amfani shi ne ƙungiyar masu irin wannan Marsandin, yawanci dattawa ne 'yan fansho da ba su da hira sai ta mota, su suka nuna min wani a yankin da ya daɗe yana taɓa W123. Na tambaye shi abu biyu kafin komai, ko ya san mai motar, da ko zai ɗaga ta sama ya shiga ƙarƙashi. Ya faɗi kuɗinsa, 'yan ɗaruruwan Yuro har da na tafiya, ko na saya ko ban saya ba kuɗin ɗaya ne. Wannan na ƙarshen shi ya kwantar min da hankali, don ka san dillalinmu sai ciniki ya faɗa yake cin la'ada, wani lokacin ma ta ɓangare biyu, to ina zai ce maka kar ka saya?

Shi mai dubawar cewa ya yi kar a tada motar kafin ya iso, yana so ya ji ta da sanyin inji. Yana da wata 'yar na'ura da yake ɗorawa a jikin fenti tana nuna kauri, ya bi motar da ita gaba da baya, rufi lafiya, bonet lafiya, da ya zo saman tayar baya ta hagu lamba ta yi tsalle ta ninka sau da yawa, ashe fila ce aka lafta. Ya cire robar ramin da ake sa jak ya haska tocila ya turo min hoto, ciki ya zama garin tsatsa, ja wur. Ya ɗaga kafet ɗin ƙafar direba, jiƙe, ruwa na sauka ta wajen maƙalin bonet inda magudanar ta toshe. Ƙarƙashin batir ma ya ci. Ya gwada lambar shasi da ta takarda sun yi daidai, ya jera tsofaffin takardun gwaji yana bin kilomita shekara bayan shekara ko an juya mita, nan kam ba a yi ƙarya ba. Inji ya ce ƙalau yake, giya ma haka. Rahoto ya zo da hotuna rututu, maki 3 mai gangarawa 4, kuma ya ce aikin walda da fenti a farashin nan zai iya kamo kuɗin motar kanta.

Ka ga da bakanikenmu ne da ya ce in ɗauka, kuma bai yi ƙarya ba, don a Kano wannan aikin fanel bita zai yanka ya liƙa cikin sati a kuɗi kaɗan. Gaskiya ta wajen hannu da kunne ban ga wanda ya fi mutanenmu ba, yaron gareji a Ƙofar Ruwa zai gyara abin da na nan zai ce sai dai a sayi sabo. Inda suka fi mu shi ne mutum ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu, kuma ba ya cin komai a wajen mai sayarwa. Sai kuma dabarunmu na cire tamostat da haɗa fanka dairek da dasa injin wata mota, nan duk rage daraja suke, sauyin inji ma yana iya hana ta lambar H ɗin gaba ɗaya.

Na yi wa mai motar tayi daidai da rahoton, ya ce albarka, na ce Allah ya kawo kasuwa. Dattawan ƙungiyar sun ce in nemi wadda ta yi rayuwarta a kudancin Faransa ko Italiya ko Sifen inda ba a cika watsa gishiri ba, sai dai wannan wata tafiyar ce da wani mai dubawar da wani yaren.

Yauwa, Fijo 504 ɗin nan ta gidan Kawu, haɗin Kaduna, dan Allah kar a bari 'yan gwangwan su taya. Irinta ma tana da masu nema a nan, kuma busasshiyar iskarmu ba ta cin ƙarfe kamar tasu. Ka sa yara su share ta su ɗauko min hoton ƙarƙashinta da cikin but da lambar shasi, ka kuma tambayi Kawu ko takardunta na nan.