Shagon littattafan ɗan Yaman, ga sabbin ɗaliban Madina

Ƙannena da kuka samu Jami'ar Musulunci ta Madina bana, Allah Ya sa albarka. Da yawanku na tambaya ta ina ake sayen littafi, to ni dai har na gama Kulliyar Shari'a wuri ɗaya na riƙe, wani ɗan ƙaramin shago ta wajen titin Jami'at, mu ƴan Najeriya da ƴan Nijar shagon ɗan Yaman kawai muke ce masa, duk tsohon ɗalibin da kuka tambaya a masauki zai raka ku.

Abin da yasa nake yabonsa ba arha kaɗai bane, mutumin ne. Dattijo ne wanda ya san bugun littattafai kamar yunwar cikinsa, kana cewa Bidayatul Mujtahid kake nema zai tambaye ka wane mataki kake, sai ya ciro maka bugu biyu ya buɗe shafi ɗaya a kowanne ya ɗora yatsa yace duba nan, wannan an tsallake layi, wancan kuma an yi tahriji na hadisan a ƙasa, wato an nuna inda aka ruwaito su, kuma wallahi sau da yawa wanda yake ce maka ka ɗauka shi ne mai ƙaramin kuɗi. Na taɓa ganin wani yaro sabon zuwa, ko ma'ahadin koyon Larabci bai gama ba, ya jibgo Fathul Bari, sharhin Bukhari mai juzu'ai da yawa, gaba ɗaya kan tebur zai biya, dattijon ya dube shi yace ya waladi mayar, ka gama littafin Larabcinka tukuna, wannan ba inda zai je. Ɗan kasuwa nawa ne zai maida ciniki haka?

Can ciki akwai kantar tsofaffin littattafai, waɗanda masu kammalawa ke sayar masa in za su tafi gida. Nan ne taskar. Za ka samu muƙarrari, wato littafin da ake karantarwa a aji, da rubutun fensir a gefe, bayanin da malami yayi a aji wani bawan Allah daga Indunusiya ko Senegal ya rubuta shi tsaf, wani lokacin ma har da alamar inda aka saba tambaya a jarabawa. Ƙarshen zangon karatu ake samun kaya, farkon zango kam an riga an kwashe.

Yana da injin kwafin takardu da ɗinkin muzakkira, wato takardun darasi, aikin ba laifi, amma fa makon jarabawa kar ku kuskura ku bari sai daren ƙarshe, layi har bakin titi kuma inji ɗaya ne. Wurin ma matsattse ne, mutum uku in suka shiga na huɗu sai ya jira a waje, ga zafin Madina. Baya manna farashi a jikin tsofaffin littattafan, sai ka tambaya, wannan kam bana so. In ya rufe don sallar la'asar kuma ba ya gaggawar dawowa, bayan isha'i yafi. Yana karɓar katin mada na bankunan Saudiyya, sai dai kafin iƙama, wato takardar izinin zama, da asusun banki su fito ku riƙe ƴan riyaloli a aljihu.

Shawarata dai, mukafa'a, wato ɗan kuɗin da jami'a ke ba ɗalibai, in ta shigo kar ta ƙare a manyan littattafai masu juzu'ai. Kuɗin ba yawa gare su ba, ga abinci, ga sabulu, ga motar Makka in ana son umra, ga gida suna jiran ɗan aike. Ku fara da abin da ake karantarwa a aji, sai kuma littafin da kuke bi a darasin Masallacin Annabi (SAW) tsakanin magariba da isha'i, don zaman nan gaban malamai da littafi a cinya shi nafi kewa yanzu, kar ku bari hira a ɗaki ta cinye muku shi. Manyan littattafai na bincike kuma ɗakin karatu na jami'a da na Harami sun wadatar, kyauta.

Sannan ku tuna ranar komawa. Jakar jirgi kilo 23 ce, littafi kuma nauyi gare shi, abin da ya ƙaru sai a aika shi daban ta kago zuwa Kano ko Yamai kuma da kilo ake biya. Ɗan Yaman yana sayen abin da ba za ku ɗauka ba, amma ku kai masa da wuri kafin kowa ya kawo, lokacin yafi taya wa da daraja.