Sharhi kan Hanyar Grossglockner ta Ƙasar Ostiriya

Duk mai shirin yawon buɗe ido da mota a tsaunukan Alps ya kamata ya san cewa hanyar Grossglockner, wadda aka buɗe a 1935, ta kuɗi ce, kuma takardar harajin manyan titunan Ostiriya ba ta wadatar da direba a ƙofarta. Kuɗin yana da ɗan nauyi, amma a ganina ya cancanta.

Tsawonta kilomita 48 ne, tana da kwana masu kaifi 36, ta ratsa gandun Hohe Tauern daga jihar Salzburg zuwa ƙauyen Heiligenblut. Abin da ya fi burge ni shi ne kulawar da ake ba ta: kwalta lafiya lau, ga wuraren tsayawa da gidajen nune-nune da ke bayanin duwatsu da dabbobin wurin. Hanyar tana hawa har mita 2,504 a mashigin tsauni na Hochtor, amma ina ba kowa shawara kada ya tsallake reshen da ke kaiwa wurin kallo na Kaiser-Franz-Josefs-Höhe, domin daga can ne ake fuskantar Grossglockner kansa, tsauni mafi tsayi a ƙasar mai mita 3,798, tare da ƙanƙarar Pasterze wadda ɗumamar yanayi ke zaftarewa shekara bayan shekara.

Ana rufe ta da dare, haka kuma duk lokacin hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa farkon Mayu. Hazo kan rufe tsaunukan ba zato, saboda haka a duba hasashen yanayi kafin a biya, sannan a gangaro da ƙaramar giya don kada birki ya yi zafi.