Tsohon He-Man na gwanjo da sabon cikin kwali: wanne ya ci kuɗinsa?

Sabon mutum-mutumin roba na He-Man, jarumin katun, na jerin Origins, wanda kamfanin Mattel ya fara fitarwa a 2020, shi na yi oda ta intanet ya iso ni nan Katsina. Dama ina da tsohon, irin na 1982, da na tsinto cikin tulin kayan wasan yara na gwanjo a Babbar Kasuwa, ba takobi ba garkuwa, fentin gashinsa duk ya goge. Mai kayan cewa ya yi, "Alhaji, ɗauki kawai ka ba da abin da ya sawwaƙa."

Tsayinsu ɗaya, kusan santimita 14, kuma daga nesa ba ka bambance su. Sai ka riƙe a hannu. Sabon yana da gaɓoɓi 16: gwiwa tana lanƙwashewa, gwiwar hannu ma haka, wuyan hannu yana juyawa, har kan ana cirewa a sauya. Tsohon kuwa ƙafafunsa wata 'yar roba ce ta haɗa su ta ciki, kuma ta saki, sai na jingina shi da bango yake tsayawa. A wajen inganci sabon ya yi gaba, babu gardama.

Amma akwai abin da tsohon ya riƙe. A ƙugunsa akwai sifirin. Ka murɗa jikinsa baya ka saki, sai ya kai naushi da kansa. Ɗana ya gano haka ba wanda ya nuna masa, ya wuni yana sa shi kifar da kwalaben lemo a tsakar gida. Sabon ba shi da wannan. Da na miƙa masa, ya jujjuya shi ya ce, "Abba, wannan ba ya faɗa?" An yi shi ne don a gyara masa tsayuwa a ɗauki hoto.

Tallarsu ma ta nuna wa ake nema. A da yaro ake farauta: kayan suka fito a 1982, katun ɗinsu ya biyo baya a talabijin a 1983, yaro ya kalla ya hana iyaye sakat. Yanzu waɗancan yaran ne suka zama magidanta masu albashi, shi ya sa aka kwaikwayi tsohon kwali, har da ɗan littafin zane a ciki kamar da. Kewar ƙuruciya ake sayar mana, robar gyara ce. Ku tuna yadda masu tara irin waɗannan kaya suka yi ca a kan Hasbro, wani kamfanin kayan wasa, da ya cire tagar leda daga kwalayensa a 2022, har ya dawo da ita. Mutumin da ba zai buɗe kwali ba, dole ya damu da taga.

Nawa kwalin a lotse ya iso, mai sayarwar kuma ya daina ɗaga waya, don haka na buɗe shi ba tare da ciwon zuciya ba. Hajiyarmu dai ta ce kada ta ga "gumakan nan" a falo, sun koma durowa, wanda ya ma fi musu da ƙurar hunturu.

In don ado kake so, sayi sabon. In yaro za ka ba, fara leƙa 'yan gwanjo, kuma ka murɗa ƙugun ka ji sifirin na da rai kafin ka biya.