Global Solar Atlas: taswirar da ke nuna rabon kowane gari daga hasken rana

Masana sun ƙiyasta cewa makamashin rana da ke isowa duniya a kowane lokaci ya kai terawat 173,000 (terawat ɗaya daidai yake da kilowat biliyan ɗaya), wato ya ninka abin da bil'adama ke amfani da shi kusan sau 10,000, kodayake kusan kashi 30 cikin ɗari yana komawa sararin samaniya saboda gajimare da hasken da doron ƙasa ke mayarwa. Sai dai wannan adadi ba ya gaya wa mai shirin sayen farantan sola abin da rufin gidansa zai samu, kuma a nan ne shafin intanet na Global Solar Atlas yake da amfani.

Bankin Duniya ne ya buɗe shafin a 2017, kamfanin Solargis kuma shi ne ke samar da bayanan daga hotunan tauraron ɗan Adam. Kyauta ne, ba a buƙatar rajista. Da zarar mutum ya rubuta sunan gari ko ya taɓa wuri a taswirar, zai ga yawan hasken da ke sauka a kan kowace murabba'in mita, da wutar da faranti mai ƙarfin kilowat ɗaya zai iya bayarwa, da kusurwar da ta fi dacewa a karkata shi. Kano tana samun kusan kilowat-awa 6 a kan murabba'in mita a kowace rana, Agadas ta fi haka, yayin da mafi yawan yankunan Jamus ke samun kusan 3, amma duk da haka Jamus tana cikin ƙasashen da suka fi kafa sola a duniya.

Abin da ya fi burge ni shi ne jadawalin wata-wata da awa-awa, domin yana nuna yadda wutar ke raguwa a watan Agusta lokacin da damina ta kankama. Wanda ya auna bukatarsa da wannan wata, maimakon watan Maris, da wuya dillali ya yaudare shi da alkawarin wutar da farantan ba za su iya bayarwa ba.

Shafin yana da gazawa. Babu Hausa a cikinsa, kuma gajerun sunaye irin su GHI (jimillar hasken da ke sauka a shimfiɗaɗɗen wuri) da PVOUT (wutar da faranti zai iya bayarwa) za su rikita wanda ba injiniya ba. Alƙaluman matsakaicin shekaru masu yawa ne, ba hasashen gobe ba, kuma asarar da ƙura ke jawowa an yi mata lissafi na bai-ɗaya, alhali ƙurar hunturu a Katsina ko Maraɗi tana iya rage wutar sosai idan ba a wanke farantan. Ba ya kuma ba da shawara kan girman batir ko inbata, waɗanda galibi su ne ke cinye kuɗin mai saye. Ya dace a duba shi kafin a je kasuwa, sannan a bar wa ƙwararren ma'aikaci sauran lissafin.