Akwatin hasken da na saya don ɗaukar hoton kwalaben humra

Wata uku ke nan da sayen akwatin nan, kuma 'yan uwa masu sana'ar turare sun dame ni da tambayar ko ya biya kuɗinsa. To ga abin da na gani.

Humra da kulacca nake haɗawa a gida a Unguwar Rimi, kayan haɗin kuma daga Kasuwar Barci nake ɗaukowa. Ba ni da shago, cinikina duka a WhatsApp da Instagram yake, don haka hoto ne tallana. Akwatin na farar roba ne mai naɗewa, santimita 40 kowane gefe, da layi biyu na ƙananan fitilun LED a rufinsa. Da fawa bank ake kunna shi, ba ruwana da ko an kawo wuta ko an ɗauke. A nan kam na yaba masa. Kasko da gwangwanin turaren wuta ma suna fita tas, babu inuwa ko kaɗan.

Da na saka kwalba ne ido ya raina fata. Gilashi duk abin da ke gabansa yake nunawa, sai ga ɗige-ɗigen fitilun sun jeru a kafaɗar kwalbar kamar an ɗaura mata jigida. Har ni na fito a ciki, da wayata da ɗankwalina. Farar humra kuwa ta saje da farin bangon, gefunan kwalbar suka ɓace, murfin kaɗai ake gani yana shawagi. Mai sayarwar ya ce min akwatin yana ɗaukar komai, amma ba na jin ya taɓa gwada shi da gilashi.

Ƙanena da ke karatu a Kaduna Poly ne ya zo ya tarar ina ta tsaki. Ya ce, "Yaya, ai gilashi ba a haska shi ta gaba, ta baya ake yi." Ya kashe fitilun akwatin gaba ɗaya, ya zare bangon baya ya maƙala farar takarda mara kauri, ya ajiye fitilar caji a bayanta. Sannan ya tsayar da baƙin kwali biyu, hagu da dama, inda ba za su shigo hoton ba. Nan take gefunan kwalbar suka fito da baƙin layi siriri kamar an zizara mata kwalli, man da ke ciki ya yi jajir kamar zuma a rana. Dalilin shi ne gefen kwalba yana lanƙwasa haske, sai ya ɗauko launin abin da ke kusa da shi ta gefe. Idan aka matso da kwalin layin ya yi kauri, idan aka ja da shi baya ya sirance. Na fi awa ɗaya ina wasa da wannan, har abincin rana ya makara.

Akwai kuma akasinsa: baƙin kwali a bayan kwalbar, haske na leƙowa ta gefunansa, sai layin ya koma fari a cikin duhu. Kwalabe masu zanen lu'ulu'u sun fi kyau a haka, musamman a hoto mai baƙi da fari. Na ɗora ɗaya aka yi ta yabo, sai wata Hajiya ta tambaye ni ko humrar baƙa ce ko fara. Tun ranar na koma mai kala.

Hasken baya ba ya rufa asiri. Lokacin hunturu, kafin ki gama saita waya ƙura ta sake sauka, shatin yatsa kuma ya fito ɓaro-ɓaro. Yanzu da safar hannu ta auduga nake ɗaukar kwalba. Takardar sunan da ke gaba tana yin duhu, sai na karkato mata haske da ɗan madubin hoda.

Mai sayar da takalmi ko jaka, ki saya, ba za ki yi nadama ba. Idan kwalabe kawai kike ɗauka, taga mai haske da hantsi, farin labule da kwali biyu daga shagon littattafai sun ishe ki. Nawa akwatin ya zama na kasko, kwalayen kuma ƙarƙashin katifa nake ɓoye su, don yara sun riga sun yanke min ɗaya sun yi aikin makaranta da shi.