Wata uku da fedar jita ta hannu: wa ta iya kwaikwaya, wa ya gagare ta

A wani shagon kayan kiɗa kusa da titin Ahmadu Bello na saye ta, ta hannu ce, irin ƙaramar na'urar nan da ake jona wa jita ana takawa da ƙafa don sauya sauti. Mai shagon ya rantse mini cewa muryar duk wani babban makaɗin rok na ciki. Yau wata uku ke nan ina gwada ta a ɗakina a Unguwar Rimi, kuma rabin maganarsa gaskiya ne.

Inda ta fi burge ni shi ne salon David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd. Shi ba mai gaggawa ba ne. Yakan tura tsirkiya sama da yatsa, ya riƙe sauti ɗaya har ya yi kamar kuka, sannan ya bar amsa-kuwwa ta cike gurbin. To, amsa-kuwwar wannan feda tas take. Daren farko da na daidaita ta, sai da maƙwabcina ya leƙo ta taga yana cewa, "Malam, rediyo ka kunna?" Salon Eddie Van Halen ma ta kama shi daidai gwargwado, wato buga tsirkiya a wuyan jita da yatsun hannu biyu, abin da ya fito da shi duniya a 1978. Sautin na fita, sai dai yatsuna ne ba su kai ba, wannan kuma ba laifinta ba ne.

Jimi Hendrix ne ya tona mata asiri. Mutumin bahago ne, ya juya jitar Fender Stratocaster ta masu hannun dama yana kaɗawa, kuma tushensa kiɗan bulus ne na baƙaƙen Amurka, irin na su B.B. King da Muddy Waters. Ƙarar da ke cikin solonsa, wato inda jitarsa ke jan kiɗan ita kaɗai, tana da rai: in ya sassauta hannu ta lafa, in ya danna ta yi gurnani. A fedar nan kuwa ko ka shafa ko ka doka, ƙara ɗaya ce, kamar injin markaɗe. Na yi ta murɗa maɓallai har na haƙura.

Mark Knopfler na ƙungiyar Dire Straits kuma, tunda da yatsu tsura yake kaɗawa, sai da na cire fedar gaba ɗaya na fi kusa da shi. Haka Bombino na Agadas, wanda ya koyi abubuwa da yawa daga kallon bidiyon Hendrix da Knopfler. Kiɗansa na zagayawa wuri ɗaya yana ƙara zafi, yakan tuna mini yadda marigayi Ɗan Maraya Jos ke cika fili da kuntigi mai tsirkiya ɗaya.

Matsala ta biyu ita ce wuta. In aka ɗauke na koma janareta, sai wani zuuu ya shiga sifika, dole na koma batir, shi ma ba ya jimawa. Maɓallin takawa na hagu kuma ya fara cijewa tun sati na uku.

Ga mai koyo da ke son jin bambancin Gilmour da Van Halen da kunnensa, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. Wanda Hendrix ne ya kawo shi, ya je shagon da jitarsa ya gwada kafin ya biya.