Gyaran hanyar burji a fadamar Kirikasamma: yadda aikin wani ɗan kwangila ya kasance

Ƙungiyar manoman rani ta wani ƙauye da ke gefen dausayin Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta jihar Jigawa, ta haɗa kuɗi ta ɗauki wani ƙaramin ɗan kwangila ya gyara hanyar da a-kori-kura da babura da amalanke ke bi suna fito da shinkafa da tattasai zuwa bakin titi. An kammala aikin kafin faɗuwar damina, yanzu kuwa ruwa ya zo ya janye, don haka ana iya auna shi da adalci.

Babban abin da ya cancanci yabo shi ne yadda ya bi da ruwa. A ƙasar fadama, hanyar da aka cika da ƙasa aka ɗaga ta ba tare da an bar wa ruwa mafita ba, madatsa ce kawai: gefe ɗaya ya cika ya ruɓar da shuka, ɗaya gefen ya bushe. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar Kogin Hadejia ya sauya, ciyawar kachala kuma ta toshe magudanai da yawa, saboda haka kowace ƙaramar ƙorama da ta rage tana da muhimmanci ga masunta da makiyaya. Kafin ya kawo gireda, ɗan kwangilar ya zagaya wurin tare da sarkin ruwa da wasu dattawa, suka nuna masa inda ruwa ke ratsawa a watan Agusta da Satumba, ya kuma dasa kwalbatocinsa a waɗannan wurare. Ya nutsa gindin kowace kwalbati daidai da ƙasan ƙoramar, har yashi ya kwanta a cikinta, abin da ya sa tarwaɗa da karfasa ke wucewa zuwa wuraren da suke zuba ƙwai ba tare da sun tarar da tudu ba. Masu irin wannan aiki da dama sukan ɗora kwalbati a sama don rage haƙa, daga baya ruwa ya riƙa faɗowa daga bakinta yana cin ƙasa.

Jikin hanyar ma ya yi kyau. An zuba marmara, an yayyafa ruwa an danne ta, an kuma bar tsakiyarta da ɗan tudu domin ruwan sama ya zirare gefe. Sawun taya bai zama rami ba sai a wata kwana guda.

Akwai wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Da can, idan mota ta tarar da taɓo, direba kan ratse ya buɗe sabuwar hanya cikin ciyawa, wani ma ya bi, har wurin ya zama hanyoyi barkatai. Yanzu kowa na bin hanya ɗaya, ciyawar gefen tafki ta fara dawowa, tsuntsaye irin su kirinjijiya da ɗinya sun samu sarari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da aka sanya cikin jerin dausayoyin Ramsar, wato dausayoyi masu muhimmanci a duniya, a 2008, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai su yi hunturu. Ya kuma karkatar da hanyar don kada a sare wani kurmin goriba, ya bar burtali a buɗe inda shanu ke gangarawa mashaya.

Sai dai ya gaza a wurare biyu, kuma ɗayan ba abin da za a kau da kai ba ne. Yaransa sun yi juyen baƙin mai na gireda da tifa a ƙasa, ƴan taku kaɗan daga tafkin da mutane ke wanki dabbobi ke sha, ruwan farko kuwa ya wanke shi ya shigar, har aka ga maiƙo yana yawo a saman ruwa. Tara shi a jarka ba zai ci masa ko sisi ba. Na biyu shi ne ramin da aka ɗebi ƙasar ciko, wanda aka bari da zurfi da gaɓa a tsaye, ya zama kududdufi mai haɗari ga yara da ƙananan dabbobi.

Kuɗinsa ya ɗara na sauran da suka nemi aikin, mafi yawan bambancin kuwa a kwalbatoci ya tafi, kuma a ganina ya biya. Duk ƙauyen da zai ɗauke shi, ya kamata a rubuta a takardar yarjejeniya cewa za a yi gyaran injuna nesa da ruwa, a kuma baje gaɓar ramin ciko kafin a biya kason ƙarshe.